Sanduna Shida, Gidaje 32: Yadda Na Harhaɗa Kullin Katako

Sanduna shida ne na maɗaci, kowace tsawonta inci uku, kaurinta inci ɗaya ta kowane gefe. Idan aka harhaɗa su sai su tashi dunƙule guda: biyu a kwance gabas da yamma, ɗaya kan ɗaya, biyu a kwance kudu da arewa, gefe da gefe, biyu kuma a tsaye. Duk sun ratsa juna a tsakiya, ba ƙusa ba gam, amma ko ka cilla shi sama ka cafe babu abin da zai motsa. A kasuwannin waje burr ake ce masa. Mutanen Sin suna danganta shi ga Lu Ban, wani gwanin kafinta da ya rayu a ƙasarsu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Mu a gida kulli kawai muke kiransa.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Bauchi, kuma a intanet na fara ganin zanen sandunan. Da gangan na kwafi zanen kawai na bar bayanin haɗawar, domin so nake in gano da kaina. Na kai wa kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ke aikin kafinta a wajen 'yan katako na Kasuwar Muda Lawal. Ya daɗe yana juya takardar kafin ya ce, “Malam ƙarami, wannan ba aikin sabon katako ba ne. Ka bari in nemo tsoho.” Abin da ya nemo ɓallin wani tsohon firam ɗin ƙofa ne na maɗaci, wanda ya sha rani da damina har ya gama duk motsin da zai yi. Kafin ya taɓa sandunan sai da ya fara yanke ɗan guntu mai kaurin rabin inci cif, ya mai da shi ma'auni, duk gurbin da ya yanka sai ya gwada da shi. Dalilinsa shi ne kowane yanka a jikin kullin nan ninkin rabin inci ne. In gurbi ya gaza da kaurin takarda sanda ba za ta shiga ba, in ya zarce da yawa kullin zai riƙa karkarwa a hannu.

A warwatse ya miƙo mini su cikin leda. Na ce, “Kawu, ba ku gwada haɗawa ba?” Ya ce nasa aikin a bakin zarto ya tsaya, sauran na masu alli ne.

Da na baje su kan tabarma bayan sallar isha'i, iri uku na gani. Ɗaya lafiyayya ce sumul, ba a yanke ta ko'ina ba. Uku kamarsu ɗaya: dogon gurbi a fuska guda, tsawon inci biyu, zurfin rabin inci, an bar musu kai a kowane ƙarshe. Sauran biyun su ma tagwaye ne, kuma su ne masu rikitarwa. A fuska ɗaya suna da ƙananan gurabe biyu, harshe ya raba tsakaninsu. A fuskar da ke maƙwabtaka da ita kuma an sake yanka gurbi mai tsawon inci ɗaya a tsakiya daidai, wanda ya cinye rabin harshen.

Duk wanda aka ba waɗannan sanduna, hannunsa ne ke fara aiki kafin kansa. Za ka haɗa uku su zauna daram, ka ƙara ta huɗu, ka ji kamar an kusa, sai ta biyar ta ƙi. Ka warware, ka juya wata, ka sake isowa wuri guda. Na yi wannan juye-juyen na ɗan lokaci, kuma ban ɗauke shi ɓata lokaci ba, domin a nan ne yatsu ke sanin sandunan, har ka iya bambance su ko ido a rufe. Sai dai ba ya kai mutum ko'ina. Na ajiye su na ɗauko takarda.

Abin da ya buɗe mini hanya shi ne daina kallon sanda a matsayin sanda. Na ɗauke ta kamar an jera ƙwayoyin sukari na kwali, kowace ƙwaya rabin inci ta ko'ina: biyu a faɗi, biyu a tsayi, shida a tsawo, wato ƙwaya 24 a sanda guda, 144 a duka shidan. Amma kullin da aka haɗa ƙwaya 104 kawai yake ɗauka, saboda a tsakiya sandunan cikin juna suke bi. Ke nan dole a zubar da 40. Na ƙirga abin da Kawu ya yanke: takwas-takwas daga masu dogon gurbi uku, takwas-takwas daga tagwayen. Arba'in cif.

Daga cikin 104 ɗin nan, 72 a waje suke, ido na ganinsu, ba wanda ke jayayya a kansu. Rigimar duka a kan gidaje 32 take, waɗanda ke ɓoye a ciki inda sanduna ke haɗuwa. Takwas na can ƙurya, sanduna uku ne ke neman kowanne. Sauran 24 sanduna biyu-biyu. Kowane gida kuwa sanda ɗaya tak za ta mallake shi. Iyakar abin da sanda za ta iya riƙewa a ciki gida 12 ne, kuma lafiyayyar nan ta kwashe nata duka. Saura 20, sanduna biyar, kowace na duba sai na tarar huɗu gare ta. Lissafi ya cika 32, ba rarar gida ko ɗaya.

Wannan ƙirga ta gaya mini abu biyu tun kafin in sake taɓa katako. Na farko, cikin kullin cike yake maƙil, don haka babu sandar da za ta ɗan gusa ta ba wata hanya. Na biyu, lafiyayyar ita ce mabuɗi. Tunda ba ta da gurbin da za ta maƙale da kowa, ita ce ta ƙarshen shiga kuma ta farkon fita, aikin sauran biyar ɗin shi ne su gina mata rami mai inci ɗaya ta kowane gefe, ya zarce daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Sai na fara daga ramin. Na ƙaddara mabuɗin yana sama, gabas da yamma. Sandunan kudu da arewa ta ƙarƙashinsa za su gitta, kuma zai ci rabin kaurinsu a tsakiya. Ke nan suna buƙatar gurbin inci ɗaya a tsakiya yana kallon sama, kuma tagwayen nan ne kaɗai ke da shi. Na tsaye biyu za su rungume shi, ɗaya ta kudu ɗaya ta arewa, dogon gurbi ya ishe su. Ta ukun masu dogon gurbi ba ta da sauran wuri sai ƙarƙashin mabuɗi, gurbinta na kallon sama. Cikin ɗan lokaci kowace sanda ta san gidanta, har na ji daɗi ya kama ni.

To amma sanin inda kowace za ta zauna daban, sanin wadda za ta riga shiga daban, kuma a nan ne ainihin wasan yake. Abin da hannu ke so shi ne a kwantar da ta ƙasa, a gitta tagwayen cikin dogon gurbinta. Suna zama kuwa ɗam, gwanin sha'awa, ƙananan gurabensu su haɗu su ba da ƙofa biyu inda na tsaye za su bi. Sai dai kowace ƙofa inci ɗaya ce da rabin inci, kan sandar tsaye kuwa inci ɗaya ne da inci ɗaya. Ba zai wuce ba. A daidai wannan gaɓa ne na ga mutane da yawa daga baya suna cije leɓe suna dannawa da ƙarfi, kuma a nan ake karya harshen tagwayen. Kullin da aka yanka daidai ba ya neman ƙarfi ko kaɗan. Duk inda ka ji ana buƙatar dannawa, hanya ce ba ita ba.

Na koma na bi ta baya. Na ce a raina, a ce ga shi a haɗe, na zare mabuɗi, me zai iya motsi? Filin da mabuɗin ya bari a sama yake. Na tsaye ba za su iya fita ba, tagwaye sun tare su. Tagwayen ba za su gusa gabas ko yamma ba, kawunan ta ƙasa sun tare su. Amma za su iya ɗagawa sama. In ta gabas ta ɗaga rabin inci, ta haye kan sandar ƙasa ke nan, sai ta sulale gabas ta fita. Da na ga wannan, sai na juya shi ya zama tsarin haɗawa.

Na riƙe ta ƙasa, gurbinta sama. Na kawo na tsaye biyu suka rungume ta a tsakiya, gurabensu na kallon juna, ƙafafunsu sun shige ƙarƙashinta. A nan yatsu ba sa isa, sai da na ɗaure su da robar ɗaure kuɗi. Na ɗauko ɗaya daga tagwaye, gurbin tsakiya sama, harshe na kallon ciki, na turo ta daga gabas a ɗage, harshen ya shige tsakanin na tsaye biyu, sannan na sake ta ta faɗa rabin inci cikin dogon gurbi. Haka ta yamma. Na ɗaga abin saitin fitila, sai ga rami fes, ana hango haske ta ɗaya ɓangaren. Na zura mabuɗi. Ya tafi sumul har kansa ya daidaita da na ƙasa, na cire robar, kulli ya tsaya da kansa. Na daɗe ina juya shi a hannu a daren nan, ina mamakin yadda wani ɗan Adam ya fara tunanin wannan abu ba tare da ya taɓa ganin irinsa ba.

Ba sabon abu ba ne kuwa. Akwai hotonsa a jikin wani zane da Bafaranshe Sébastien Leclerc ya yi a 1698, an ajiye shi cikin kayan ilimi da na awo. Ya fi shekara 300 ke nan yana yawo daga hannu zuwa hannu, ga shi har ya iso tabarmata.

Da damina ta kankama, cikin watan Agusta, sai mabuɗin ya fara cijewa. Da babban yatsa nake tura shi a da, yanzu sai na dafa da tafin hannu. Na kai wa Kawu ina neman ya goga masa sanfefa. Ya ƙi. Ya ce katako danshi ya sha, kuma ta faɗi yake kumbura ba ta tsawo ba. In aka rage shi yanzu, hunturu na zuwa zai tsuke, mabuɗin ya riƙa zubewa da kansa. Kyandir ya ɗauko ya goga a gefunan, ya murje da tsumma. Ya kuma gargaɗe ni kada in bari a shafa masa mai ko a zuba fenti cikin gurabe. Maganarsa ta tabbata: da iskar Disamba ta busa, kullin ya koma daidai yadda aka yanka shi.

Na kai shi aji. Abin da ke damuna a koyarwarmu shi ne yaro zai haddace yadda ake lissafin girman abu mai tsawo da faɗi da tsayi, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa riƙe irin wannan abu yana tunanin cikinsa ba. Duk a kan allo muke gamawa. Ranar da na ba ɗalibai sandunan na ce su ƙirgo mini gidajen ciki, gardamar da ta kaure tsakanin masu cewa 32 da masu cewa 64 ta fi duk darasin da na yi a zangon nan amfani, domin kowa sai da ya tashi ya nuna da yatsa inda yake nufi.

Kulli na biyu shi ne ya gwada ni sosai. Na samo zanen wani da ba shi da mabuɗi, sanduna shida kowace da nata fasali. Kawu ya duba ya girgiza kai, ya nuna wasu lunguna ya ce zarto ba ya shiga nan, domin zarto in ya kama yanka sai ya fita ta ɗaya gefen. Na ce ko a yanke duka a manna ƙwayar da gam? Ya ce shi ba zai sa gam a abin da darajarsa ita ce rashin gam ba. Da cizal ya sassaƙe lungunan, a hankali, tsakanin aikin kujeru da gadaje.

Na ƙirga gidajen ciki kamar yadda na saba, sai na sami 27. Biyar babu kowa. Wannan ya sauya komai, domin gidan da ba kowa hanya ce: sanda za ta iya gusawa rabin inci ta tsaya, gusawarta ta buɗe wa wata, ita ma ta buɗe wa wata, kafin a kai ga wadda za ta fita. Kuma ba ni da ramin mabuɗi da zan fara lissafi daga kansa.

Sai na yanka cikin kullin hawa huɗu a takarda. Hawan sama gida huɗu, na biyu 12 a siffar gicciye, na uku 12, na ƙasa huɗu. Na sa wa kowace sanda harafi da fensir a kanta. Na fara da wadda ta fi kowa cika, tunda ita ce mai ƙarancin wurin zama, na rubuta harafinta a duk gidan da ta ci, sannan na nemi wadda za ta zauna kusa da ita ba tare da harafi biyu sun haɗu a gida ɗaya ba. Aiki ne mai cin rai. Kowace sanda na iya zama a wuri shida, kuma a kowane wuri ana iya juya kanta ya koma ƙafa. Amma yawancin hanyoyin tun a sanda ta uku suke mutuwa, sai ka soke ka koma baya. Fensir da magogi sun fi biro a wannan aiki.

Na sami tsari na farko da duka shidan suka zauna a takarda ba karo. Na ɗauko katako, na bi ta kowace fuska, ya ƙi haɗuwa. Tsarin daidai ne, amma babu ƙofar shiga cikinsa. Da a ce an haife shi a haɗe, da babu mai iya warware shi. Wannan ba baƙon abu ba ne. Wani Ba'amurke masanin lissafi, Bill Cutler, ya sa kwamfuta ta bi duk yadda za a iya yanka sanduna shidan nan, ya kammala a 1990. Ya sami tsari 35,657,131,235 da ke zama ba karo, amma kimanin kashi ɗaya cikin shida ne kawai ake iya haɗawa da warwarewa. Waɗanda cikinsu ke cike maƙil irin nawa na farko kuwa 119,979 ne kacal. A cikin masu fili a ciki har akwai wanda sai an yi motsi 12 kafin sanda ta farko ta fita.

Don haka kowane tsari na samu a takarda, sai in yi masa tambayar da ta cece ni a kullin farko: in yana haɗe, wa zai fara motsi? Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce in haɗa huɗu ko biyar in bar ɗaya a waje, in leƙa ta wurin da ta bari, in tura wannan in ja waccan, ina duba takarda ko da wadda na cire tana nan da ta hana. Tsari na gaba ma ya mutu: sanda ɗaya na gusawa ta dawo, ba abin da take buɗewa. A wanda ya biyo bayansa ne na ga abin da nake nema. In ta tsaye ta arewa ta sauka rabin inci, haƙorinta na barin hanyar ta gabas. In ta gabas ta gusa, sai kafaɗar ta sama ta kuɓuta, ta ɗago ta fita ta gefe. Motsi uku.

Haɗa shi ya bambanta da na farko ƙwarai, domin ba a wurin zamansu ake jera sandunan ba. Dole ka gina shi a buɗe, ta arewa a sauke, ta gabas a goce, abin duk a karkace kamar zai zube, robar kuɗi biyu na riƙe da shi. Sannan ta ƙarshe ta shiga ta gefe, ka mai da ta gabas, ka tura ta arewa sama. Ana jin ɗan ƙas a yatsa lokacin da kawunan shida suka daidaita. Wanda bai sani ba in ya karɓa, zai ja kowace sanda ya ji ɗaya ce kawai ke ɗan motsi ta tsaya, ya ce ai an manne shi.

Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna BurrTools, wadda Andreas Röver ya rubuta. In ka zana mata sandunan za ta nuna maka haɗin motsi bayan motsi. Ra'ayina a kanta a fili yake: tana da amfani wajen tabbatar da cewa zane na haɗuwa kafin a sa kafinta ya ɓata katakonsa da yininsa, amma wanda ya buɗe ta don ta haɗa masa ya zubar da abin da ya saya. Shawarar da nake ba wanda aka ba kulli a haɗe ita ce ya warware a hankali, ya ɗiga alama da fensir a kawunan da ke kallon sama, ya rubuta kowane motsi. In ya iya mayarwa, sai ya goge alamun, ya cakuɗa sandunan cikin leda, ya bar su har ya manta, sannan ya dawo musu da ƙirga.

Yanzu maganar da ke tsakanina da Kawu ta wani babban saiti ce. A cikin duk fasalin sandunan akwai guda 25 da zarto kaɗai ke iya fitarwa kuma suke ba da kulli mai cikakken ciki. In aka ƙara musu kwafi 17 suka zama 42, ana iya tayar da kulli 221 daban-daban daga akwati guda. Kawu ya ce zai yi, da sharaɗi biyu: duka 42 daga katako ɗaya za su fito don su riƙa kumbura da tsukewa tare, kuma ni zan zana kowace a takardarta da awonta, ba zai karanta daga waya ba. Ya riga ya ware wani tsohon allon maɗaci a bayan shago. Ni kuma na zana goma sha ɗaya, saura goma sha huɗu.